Darasin Mako Mai Zuwa

Jikata ce ke koyar da yara a makarantar Lahadi yanzu, nan Tasawa, kuma kayan aikinta kaf suna cikin salula. Ran Asabar da yamma takan zo ta miƙe ƙafa a bakin tabarmata kamar ita ta saƙa ta, ta yi ta shafa gilashin da ɗan yatsa tana neman labarin da za ta ba su gobe. Wannan ya yi tsawo, ta wuce. Wannan akwai mutuwa a ciki, yara za su tsorata, ta wuce. Ni ina gefe ina tsinkar zogale, ba na ce mata komai, don in na yi magana cewa za ta yi tsufa ne. Ba ta san abin da take taso mini ba. Sau ɗaya tak na ga an tsallake darasi a zamaninmu, shekarar da ɗana na fari yake kwance ba lafiya, kuma tun daga ranar ba na ganin an wuce shafi ba a karanta ba sai shekarar nan ta dawo mini.

A lokacin muna zaune a wani ƙauye arewa da Mayahi, a hanyar Isawan, inda aka tura mai gidana aikin bishara. Malam kowa ke ce masa, ni ma haka nake ce masa. Mu da ke bin addinin nan ba mu kai a kira mu jama'a ba, gidanmu ne da wasu gidaje biyu, sauran gari duk Musulmi, manoma da makiyayan da ke sauka bayan gari. Amma danga ce tsakaninmu, ta kara, wadda in maƙwabciya ta tsaya a kan turmi tana ganin abin da ke cikin tukunyarki, kuma za ta gaya miki gishirin ya yi yawa tun ba ki ɗanɗana ba. Da asuba abin da ke tashe ni shi ne kukan guga a bakin rijiya, sai luguden matan gidan mai gari, sai muryar Liman da ke ɗan shaƙewa in ya kai tsakiyar kiran salla. Yanzu kowa ya ja katangar siminti ya sa ƙofar ƙarfe. In mota ta tsaya a ƙofar majami'a muna cikin waƙa, sai ka ji muryoyi sun ragu da kansu, kowa na sauraren wa zai shigo. Hanyar nan ta arewa da muke bi da jaki, mace ita kaɗai da goyonta, yau ko saurayi mai babur ba ya so la'asar ta same shi a kanta. Ba na cewa da can ba tsoro. Akwai shi, sai dai irinsa daban ne, kuma shi nake so in faɗa.

Malam na da littattafai biyu. Akwai babban Littafin, wanda ake karantawa, akwai kuma ƙarami da ya zo da shi daga makarantar da ya yi can kudu, muna ce masa Jagora. Shi Jagoran ba labari ne a cikinsa ba, tsarin koyar da labaran ne. Kowane mako da darasinsa: ga inda za ka fara karatu a babban Littafi, ga inda za ka tsaya, ga abin da za ka tambayi yara, ga ayar da za su haddace. Can ƙasan shafi kuma akwai ɗan layi da ke tuna wa mai koyarwa ya gaya wa yara labarin mako mai zuwa, don su yi ɗokin dawowa. Da bangon ya ruɓe saboda gumin hannu, sai Malam ya kai wa wani baduku a kasuwar Cake ya gyara masa. Baduku kuwa abin da hannunsa ya saba shi ya yi. Ya ɗinka masa jar fatar akuya, da marfi, da igiyar ɗauri, sak irin wanda yake yi wa malamai masu ba da taimako. Tun ranar da Malam ya ratso gari da shi a hammata mutane suka sa masa suna kundin Malam. Da wasa aka fara faɗa, shi ma dariya yake yi.

Mutum ne mai tsari har ya kan ba ni haushi. Hauyarsa ƙusa ɗaya take rataye tun da na shigo gidan, in na matsar da butarsa taku guda sai ya mayar. Haka yake da Jagora. Bai taɓa tsallake darasi ba, ko irin na jerin kakanni, wane ya haifi wane, wanda ke sa yara gyangyaɗi har su faɗa kan juna. In na ce masa ya ba su mai daɗi mana, sai ya ce, "Wanda ya jera su ya hi ni karatu." Ran Lahadi bayan la'asar yake shimfiɗa tabarma gindin aduwar ƙofar gida. Yaran gidajenmu su zauna gaba, 'ya'yan makiyaya su tsaya da sandunansu a baya, tsofaffin gari su jingina da danga suna tufka igiya kamar ba saurare suke ba, alhali in ya yi kuskuren sunan wani annabi su ke fara gyara masa. Labaran ba baƙi ba ne a kunnensu, da yawa sun san su ta hanyarsu. In ya gama, sai ya bi ɗan layin nan da yatsa ya ɗaga murya, "Mako mai zuwa za mu ji yadda kaza ya hwaru." Sannan ya ɗaure igiyar, a watse.

Ɗana na fari bai daɗe da fara bin yara gindin aduwar ba. Ba zan ce muku na san shi sosai ba, don ba a bari uwa ta san ɗan fari a lokacinmu. Kunya ce, kuma shiga addini bai cire mana ita ba. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban mutane, in ya faɗi ya fasa gwiwa sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe har wani ya ɗaga shi. Yaron nan nake ce masa, ko wancan. Tun da aka yaye shi ɗakin Iya yake kwana, uwar Malam, wadda ta biyo mu ƙauyen. Ita da tsufanta ta shiga addinin, rabin zuciyarta na can gidan ubanta, kuma kan maganar kunya ba ta da wasa ko kaɗan. Rannan ta kama ni ina kallonsa yana cin tuwo, ta ce, "Ɗiyar nan, idonki ya yi tsawo. Wa ya haihe ki?" Ita ce mai shi. Angona take ce masa, ya hau bayanta, ya ja mata kallabi, ya ce zai sake ta in ba ta ba shi ƙuli-ƙuli ba. Ni daga madafa nake jin dariyarsa. Ina son yaron nan so mai ciwo, kuma ba wanda na taɓa gaya wa, har ubansa.

Shekarar da nake magana, Jagora ya iso kan labarin annabin nan da aka tsinta cikin kwando a bakin kogi, da annoban da aka saukar wa sarkin Masar. Mai tsara littafin ya raba su ɗaya-ɗaya, kowace da makonta, kuma farawarsu ta zo daidai da faɗuwar damina. Malam ya ce mako mai zuwa za a ji yadda ruwa ya zama jini. Cikin makon aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ya kwaso jar laka ya zuba a rijiya, mata suka yi ta jawo guga ja wur. Aka yi dariya. Wata ta ce mini, "Matar Malam, ki ce mishi ya karanto muna nama mana." Malam ya ce kwaɗi, kwaɗi suka cika tabki, to wace damina ce ba kwaɗi? Ya ce ƙwari masu cizo, ya ce ƙudaje, duk abin da damina ta saba zuwa da shi ne tun kafin a haifi baduku da mai littafin. Ni kaina na shiga cikin masu tsokanarsa. Amma na lura tsofaffin nan masu tufka sun daina tufka in ya zo kan layin ƙarshe.

Wasa ya ƙare ranar da ya ce mako mai zuwa dabbobi za su mutu. Ba a kai Lahadi ba ciwo ya shiga shanun makiyayan bayan gari, suka riƙa faɗuwa da kumfa a baki, ungulu suka yi ta shawagi har inuwarsu na gilmawa ta tsakar gidanmu. 'Ya'yan makiyaya ba su sake zuwa gindin aduwa ba. Ya ce marurai, aka samu masu marurai, kullum ma akwai su, sai dai yanzu kowa na nuna nasa. Ya ce ƙanƙara, aka yi ta, ba ma a gonakinmu ba, can wajen wani ƙauye, amma labarinta ya iso kafin ta narke. Sai ya ce fara. Hatsi ya fid da kai ke nan, shekara ta yi kyau irin wadda manomi ke tsayawa bakin gona yana murmushi shi kaɗai. Da hantsi muna tsakar gida na ji wani sauti kamar ana yayyafi a kan busasshen ganye, na ɗaga kai na ga gabas ta yi ja-ja. Duk gari aka fita da kwanoni da gwangwanaye ana bugawa, ana ƙona ciyawa, mata na kaɗa zannuwa. Farar ba ta cinye duka ba, ta dai ci abin da ta ci ta tashi. Da muka dawo, ƙafafunmu duk toka, na gaida maƙwabciyata ta kan danga, ta amsa ba ta dube ni ba.

Daga nan ba wanda ya ƙara zama a tabarmar sai yaran gidajenmu, su ma don dole. Mutane kuwa ba su daina saurare ba, sai ma ƙaruwa, amma daga nesa, bayan dangogi, ka ga kawuna kawai. Ba darasin suke jira ba, layin ƙarshe suke jira. Da ya ce duhu, hadari ya taso da rana tsaka, baƙi ƙirin, kaji suka shiga akurki, ya tsaya a kan gari bai zubar da ko ɗigo ba ya wuce. Na roƙi Malam ya bar faɗin na gaba, ya koyar da na ranar kawai ya rufe. Ya dube ni kamar na ce ya rage raka'a a sallar Liman. Ya ce haka aka rubuta a yi. Ranar Lahadin ina tsaye bakin zaure da ƙwarya a hannu, na ga yatsansa ya sauka ƙasan shafi, na ga ya ɗan tsaya, don shi ma mutum ne. Sannan ya faɗa, da muryar da ya saba, "Mako mai zuwa za mu ji yadda 'ya'yan hwari suka mutu." Ban ji ko tari ba daga bayan dangogin. Kawunan suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, yaron nan kuwa yana gaban tabarma yana wasa da ƙwallon aduwa.

Ƙarshen damina lokacin zazzaɓi ne, kowa ya sani, kowace shekara yana ɗaukar yara. Cikin makon ya kwantar da babban ɗan mai gari. Kwana kaɗan bayansa namu ya ƙi cin tuwo, Iya ta taɓa wuyansa ta ji zafi rau. Ta dafa masa ganyen bedi, wato dogon yaro, ta yi masa wanka, Malam ya fasa ƙwayar kinin a cokali, duk abin da aka ba shi sai ya dawo da shi. Ni aikina in dafa ruwa in ajiye a bakin ƙofar ɗakin Iya in koma. Ina jin numfashinsa ta cikin zana. Wani lokacin ya kira Iya, wani lokacin ya kira ubansa, ni bai saba kirana ba.

Ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci Liman ya yi sallama a zaurenmu. Tsoho ne mai sanyin hali, shi da Malam sukan zauna su yi ta musun labaran annabawa har goro ya ƙare, ba a taɓa jin kansu ba. Na kawo musu ruwa na koma bayan zana na tsaya, ba na ɓoye muku, saurare na yi.

Liman ya ce, "Malam, ni da kai mun san takarda ba ta kiran hwara. Na hwaɗa musu a masallaci, sun ce to. Amma to ɗin baki ne. Yaron mai gari shina kwance, gari ba ya kwana lahiya. Ka tsallake wanga, ka ba su na gabanshi."

Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, in na tsallake, na ce musu ke nan gaskiya gare su. Gobe in an yi ruwa su ce ni ne, in ba a yi ba su ce ni ne."

"To ka bar su da gaskiyarsu mako guda. Mi za ya rage ka?"

"Labarin ba na tsoro ba ne. Na kuɓuta ne, in an bari na kai ƙarshenshi."

"Ba mai jin ƙarshenshi, Malam. Harkon kawai za su ji."

Na ji Liman ya jawo takalmansa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya ce, a hankali, "Kai ma kana da na hwari a ɗaki." Malam ya raka shi har gindin aduwa.

Da ya dawo ya same mu tsakar gida, Iya ta fito da yaron inuwa tana yi masa fifita, ni ina gefe ina surfe. Ya tsaya tsakaninmu da Jagora a hannu. Bai taɓa neman shawarata kan littafin nan ba sai ranar. Ya ce, "Ke mi kika gani?" Abin da na gani a bayyane yake. So nake in kama ƙafarsa in ce ya tsallake, ya yage shafin, ya jefa littafin a rijiya in ya so. Na yi karatu daidai gwargwado, ni ke haddatar da yara aya in ba ya nan, na san sarai ba takarda ke kashewa ba, amma sanin bai raba ni da tsoro ba. To yaya zan faɗa? In na ce ya tsallake, kowa ya san don wa na faɗa, ga Iya zaune tana kallona. Na ci gaba da surfena na ce, "Yadda ka gani, Malam." Ya daɗe yana dubana, sannan ya shiga ɗaki.

Lahadin nan ba a yi luguden yamma ba a garin. Malam ya shimfiɗa tabarma a lokacin da ya saba, yara 'yan kaɗan suka zauna a takure, iyayensu na tsaye a kansu kamar za su fizge su. Bayan dangogi kuwa ba masaka tsinke, har makiyaya sun shigo sun tsaya nesa. Ya kwance igiyar fatar, ya buɗe inda karan da yake sa alama yake. Daga ɗakin Iya yaron ya yi wani ɗan kuka siriri, ba mai ƙarfi ba, amma shirun ya sa kowa ya ji. Ina kallon hannun Malam. Ya ɗora yatsa a kan shafin, ya ɗauke, ya lashi yatsan, ya juya. Ya ce, "Yau za mu ji yadda aka ƙetare teku." Wata ajiyar zuciya ta bi dangogin nan kamar iska ta ratsa kara. Ya ba da labarin a gurguje, bai yi tambaya ko ɗaya ba, bai faɗi na mako mai zuwa ba, ya ɗaure littafin ya shige gida bai dubi kowa ba. Ni daɗi na ji, na zauna a kan turmi. Na ce a raina shi ke nan, an wuce, yaron nan zai tashi.

Bai tashi ba. Tsakiyar mako ya fara sanƙarewa yana juya ido. Kafin mu nema, mai gari ya aiko da amalankensa da shanu biyu da mai kora, a kai shi likita Mayahi, abin da ba ya yi wa kowa. Muka tashi da sassafe. Iya ta zauna tsakiya ta rungume shi, Malam na tafiya a ƙasa yana riƙe da gefen amalanken, ni na zauna can baya, ƙafafuna na lilo, fuskata na kallon inda muka fito, don ga mai kora, ga mutane a gonaki suna yi mana sannu. Rairayin hanyar nan ya riƙe ƙafar amalanke, shanu na nishi, rana na hawa. Ina jin Iya tana ce masa, "Angona, kai ne ba ka magana yau? To na sake ka." Tana ta faɗa tana sakewa, har na ji ta daina. Mai kora ya tsayar da shanu ba wanda ya ce ya tsaya. Ban juya ba. Sai da na ga inuwar amalanken ta karkata, na gane an juya kan shanun gida.

Gari duka suka zo. Maƙwabta suka haƙa kabarin a bayan gonarmu, Liman ya tsaya daga gefe har Malam ya gama addu'a irin tamu. Aka zauna makoki, mata suka cika tsakar gida, kwanonin tuwo da fura har ba wurin ajiyewa, a shekarar da fara ta taɓa kowa. Ni ina zaune ido a bushe kamar yadda ya kamata, ina amsa gaisuwa, Iya ce ake ba haƙuri don ita aka yi wa mutuwa. Abin da na fara lura da shi shi ne gaisuwar ta yi nauyi. Matan da suka daina dubana tun ranar fara, yanzu har ƙasa suke durƙusawa. Sai uwar yaron mai gari ta zo ta tsuguna gabana ta kama hannuna da hannu biyu. Ita ma nata na fari ne, ba ta iya kiran sunansa. Ta ce, "Wancan na gidanmu ya sha kunu yau, ya zauna da kanshi." Na ce madalla. Ta matse hannun ta rage murya, "Mun san abin da Malam ya yi muna. Abin ya taso, ya hana shi hita gari, ya tare shi a gidanshi. Allah shi biya ku." Matan da ke kusa suka ce amin.

Na so in zare hannuna na kasa. A zaure ma ashe maganar ke nan, don na ji muryar Malam ta tashi, shi da ba ya ɗaga murya a makoki. Yana cewa littafin bai kashe kowa ba, bai ceci kowa ba, zazzaɓi ne irin na kowace shekara, Allah ne ya bayar ya karɓa. Ina jin mazan suna cewa, "Haka ne, Malam, haka ne," irin amsar da ake ba mutumin kirki in yana ɓoye alherinsa. Ba a ƙara kiran littafin kundi da wasa ba. Mun yi shekaru a garin bayan haka, ana girmama mu fiye da da, in Malam ya ratso da jar fatar nan a hammata yara su ba shi hanya, manya su sunkuyar da kai. Ya ci gaba da koyarwa har idonsa ya mutu, darasi bayan darasi, amma ban ƙara jin ya faɗi na mako mai zuwa ba.

Ranar da aka watse makoki, da rana ta yi sanyi, Iya ta ɗauki ƙwarya ta ce, "Ɗiyar nan, tashi ki raka ni gona in samo ganyen wake." Na bi ta. Ta wuce inda waken yake, ta yi ta kutsawa har tsakiyar gona, inda karan hatsin da fara ta ci ke tsaye ba kai. Ta dubi gabas ta dubi yamma, ta ajiye ƙwaryar.

Ta ce, "Ba kowa nan. Ni ma ga shi na juya baya. Kira shi."

Na ce, "Iya."

"Na ce ki kira shi. Nawa na hwari ya tahi ban kira shi ba, kuma kin ga yadda na koma."

Ta juya mini baya da gaske, ta ja kallabinta ta rufe kunnuwa. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa, harshena bai san hanyarsa ba. Da ya fito, sai ya fito a bushe kamar ina kiran ɗan mutane. Na sake, na sake, har ya zo yadda mata ke kiran yara in tuwo ya sauka, da jan wasalin ƙarshe. Sai na yi shiru ina saurare, don ban san yadda yake amsawa ba in ni ce na kira.